Daga Karfi Zuwa Bunkure: Kowa Da Inda Kakansa Ya Fito

Wanda duk ya saba bin titin Kano zuwa Zariya da rani ya san inda ƙasa take sauya kama. Ka baro Na'ibawa, ka haye gadar Tamburawa, gonaki fayau, ba komai sai kututturen dawa da awaki suna karakaina cikin ƙura. Kana dosar Karfi sai ido ya huta. Kore shar hagu da dama, ga masu gasa masara sun jeru a bakin kwalta suna fifita garwashi, alhali an yi watanni rabon da a ga ɗigon ruwan sama. Daga nan har Kura da Kadawa da Chiromawa, da can ciki wajen Bunkure, ruwan Tiga ne ke aiki. A zamanin Gwamna Audu Bako aka datse kogin Kano a Tiga, aka gama madatsar a 1974. Ruwan da kansa yake gangarowa ta babbar kanal, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rarrabu a ƙananan hanyoyi har bakin gonar mutum, ba injin da ke tura shi. Injiniyoyin wani kamfanin ƙasar Holan mai suna NEDECO ne suka zana aikin, daga baya ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da gwamnatin tarayya ta kafa a 1976. Hekta 22,000 aka yi niyyar shayarwa a kashin farko. Ba a kai nan ba, amma abin da aka samu ya isa ya hana samarin yankin tafiya ci-rani, ya kuma jawo na wasu garuruwan.

Ni dai ba noma ya kai ni ba. Ina da wata ɗabi'a da mutanen gidanmu ke kira shisshigi: da na zauna da mutum, hira ta ɗan yi nisa, sai na tambaye shi su mutanen ina ne asali. A cikin birni sunan unguwa ake jefo maka a wuce wurin. A ƙasar Kura kuwa, in ka yi wannan tambaya, to ka gyara zama.

Ƙarar injin casar shinkafa ce ke fara tarbar baƙo a Kura. Buhunan shanshera jibge a ƙofar shaguna, mata na turara ta a manyan tukwane, an baza wata a rana har gefen titi, ɓuntu tsibi-tsibi a bayan kowane inji. Yaro ɗan shekara ashirin zai iya rantse maka cewa tun fil azal Kura garin shinkafa ce. Sai ka ce masa ya raka ka marina.

Rijiyoyin rini da yawa sun mutu, an cike wasu da shara, amma akwai waɗanda ke da rai. A bakin ɗaya na tarar da wani dattijo yana tsoma ƙyalle yana ɗagowa, yana barin iska ta buge shi. In ya fito daga ruwan baba kore-kore yake, sai a kan idonka ya riƙa juyewa shuɗi. Hannun dattijon har wuyan hannu ya rine, irin rinin da sabulu ya daɗe da sallamawa. Can gefe kuma mabuga biyu sun sa gungume a tsakaninsu, suna barbaɗa garin shuni suna dukan turkuɗi, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, har ƙyallen ya ɗauki sheƙi yana ɗaukar ido. Wannan shi ne ɗan Kura, rawanin da Buzaye ke naɗawa a Agadas da can cikin Sahara, wanda ke barin shuni a goshin mai shi, shi kuwa yana alfahari da hakan.

Na ce, "Baba, sana'ar nan gado ce?"

Ya ce, "Gado ce mana, ɗan nan. Amma wanda ya fara ta a gidanmu ba nan aka yanke masa cibi ba. Daga gabas ya zo, Babarbare ne. Rini ya zaunar da shi."

Ban yi mamaki ba. A labarin Bayajida da ake ba yara, da aka raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka, Kano da Rano su aka ba sarautar baba, ga Kura kuwa a tsakaninsu. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya rubuta cewa rinannen tufafin ƙasar yana kaiwa har Tarabulus da Tambutu. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, a kan wannan sana'a ya yi digirinsa na uku a 1975, ya nuna cewa babban kaso na aikin a garuruwan karkara irin su Kura ake yin sa, birni kuma ya zama kasuwa. Sana'ar da kayanta ke tafiya nesa haka dole ta tara baƙi. Masaƙa sun zo, marina sun zo, fatake sun zo. Buzu ya sauke gishiri da kanwa a gidan fatomansa, ya jira a gama masa rini, wani ya koma, wani ya ga wuri ya yi aure.

Misalin da ya fi fitowa fili a wannan yanki shi ne na Agalawa. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan fataucin goro, ya bi sawunsu da na Tokarawa har ƙasar Buzaye. Sun gangaro ƙasar Katsina da Kano, suka kama noma da fatauci, harshensu da suturarsu suka zama na Hausa, sai suna da zanen fuska suka rage. Gidan su Alhassan Ɗantata Agalawa ne. Daga wajen Katsina kakanninsa suka zo Madobi, maƙwabciyar Kura, shi kuma a Bebeji aka haife shi a 1877. Ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, ya koma gyaɗa, ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Mahaifiyar Aliko Ɗangote jikarsa ce. Da na wuce masana'antar tumatir ɗin da Ɗangote ya buɗe a Kadawa a 2016, abin da ya faɗo mini a rai ke nan: yau duk faɗin Nijeriya ba mai buɗe baki ya ce gidan nan ba Kanawa ba ne.

Hirar da ta fi yi mini daɗi a bakin wata ƙaramar kanal na same ta, tsakanin Kura da Kadawa, bayan azahar. Wani saurayi na ban ruwa. Yakan nutsa guntun bututun roba cikin kanal har ya cika, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya wurgo shi ƙetaren gaɓa da sauri, ya saki. Sai ka ga ruwa ya kama zuba cikin fangali shi kaɗai. Ya jera bututun bakwai ko takwas haka, sannan ya dawo inuwa wurin manya, inda mai shayi ya kafa teburinsa. Ban ma gama tambayata ba wani farin dattijo siriri ya nuna gonar shinkafar da ke gabanmu da sandarsa, ya ce nan rugar kakansa take kafin ruwa ya zo, shanu ne ke kwana a wurin. Na kusa da shi, mai zane tsaye-tsaye a kumatu, ya katse shi.

"Malam, kada ka saurari bawan nan nawa. Mu Barebari muka ba su masauki, muka koya musu cin tuwo."

"Kai ɗin? Ai da nono muka sayi kakanka, kuma an cuce mu a cinikin."

Majalisa ta kwashe da dariya. Nan take aka tono wani Bazazzagi da ke sayen albasa, Kanawan wurin suka yi masa ca. Wani lebura Bagobiri, da zanensa ya taso daga gefen baki ya bazu har kunne, ya ce shi yana jiran Bayaraben da ke zuwa sayen tumatir ne, akwai bashin tsokana a tsakaninsu tun bara. Haka abin yake a ƙasar Hausa: Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nupawa, Gobirawa da Yarabawa, maƙera da Buzaye. Kafin ka tsokani mutum sai ka san daga ina ya fito, in ba haka ba ka zagi wanda ba abokin wasanka ba, ka jawo wa kanka. Don haka a irin wannan majalisa tambayar asali ba ta da kaifi. Neman hanyar shiga ake yi da ita. Kuma na lura duk wanda ya haura shekara hamsin ba ya bukatar a tambaye shi, fuskarsa ta riga ta ba da amsa. Samarin kuwa fuska sumul. Wanzami ya ajiye wannan askar, sai kaciya da ƙaho da cire belu.

Amma da na yi ta saurare, a nan da sauran wuraren da na zauna, sai wani abu ya fara damuna. Duk labaran sama suke kallo. Wannan kakansa malami ne daga Borno, wancan Bafillace ne mai shanu dubu, wancan sharifi, wancan kuma jinin Wangarawa. Tarihin Kano ya tanadar wa kowa inda zai rataya nasa: Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji cikin ƙarni na 14, Fulani sun zo da littattafai a zamanin Yakubu cikin ƙarni na 15, sharifai kuma a zamanin Muhammadu Rumfa, lokacin da Shehu Magili ya sauka Kano. Har a sunayen wurare ana gani. Akwai mazaɓa a Garun Malam da ake kira Jobawa, sunan gidan Fulanin da ke riƙe da sarautar Makaman Kano. Ba na musun ko ɗaya daga cikin labaran nan. Abin da ban ji ba ne ya tsaya mini. Ban ji wanda ya ce kakansa a nan aka tarar da shi yana yanka wa iskoki baƙin bunsuru ba. Ban ji wanda ya ce nasa kakan da igiya a wuya aka shigo da shi ba.

Alhali duka biyun sun faru, kuma da yawa. A ƙarni na 19 ƙasar Kano cike take da rinji da gandu na sarakuna da attajirai, bayi ke noma su, kuma audugar da masaƙa ke saƙawa da baban da marina ke jiƙawa ba daga sama suke faɗowa ba. Kudancin Kano ya sha yaƙi da Ningawa, kowane ɓangare na kama na ɗaya. Da Turawa suka zo, suka yi doka cewa duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa. Jikokin mutanen nan ba ƙasa ce ta haɗiye su ba. Suna nan a majalisa, wataƙila su ne masu ba da labarin malamin Borno, kuma ban ga laifinsu ba. Maguzawa ma haka. Har yau akwai su a kudancin Kano, ko da yake da yawa sun musulunta, musamman lokacin rangadin Sardauna a shekarun 1960, wasu kuma sun zama Kirista. Wata mai bincike, Cecile Jackson, da ta zauna a yankin aikin ruwan nan a shekarun 1970, ta kwatanta yadda ya shafi matan Musulmi da matan Maguzawa, domin a lokacin duka biyun suna nan gefe da gefe. Idan ana maganar wanda ya riga kowa zama a ƙasar nan, Bamaguje ne. Shi ne kuma wanda ba mai son a ce daga gare shi ya fito.

Wata tsohuwa mai turara shinkafa a Kura ce ta gaya mini inda ake ajiye irin wannan labari. Tana juya itace a murhu, hayaƙi na shigar mata ido, na ce, "Iya, to su waɗannan wa ke tuna su?"

Ta ce, "Ɗana, asali ai ranar neman aure ake tono shi. Yaro ya fito, a tura a binciko gidansu. Akwai kuturta? Akwai taɓin hankali? Akwai sata? Sannan a sassauta murya a tambayi ɗayar. Tsofaffi sun sani sarai, ba sa faɗa ne sai ta kama."

Ta ce yanzu abin ya yi sauƙi, yaron da ke da injin casa da gona a bakin kanal ba a cika tsananta masa bincike ba. Na so in ji daɗin wannan magana, sai dai na san kuɗi ne suka rufe bakin masu tonon, talaka mai irin wannan asalin har gobe ana iya mayar masa da kayansa ba a gaya masa dalili ba. Mutanen da suka yi raha da kalmar bawa a bakin kanal, su ne za su raɗa ta a zaure ta raba aure.

Hanyar Bunkure daga Karfi take ballewa, ta nufi Rano. A kanta na fahimci wani abu da aikin ruwa ya yi wa tarihin gidaje, wanda ba ya cikin lissafin injiniyoyi. Kafin a kawo ruwa sai da aka karɓi gonaki, buldoza ta baje su, aka haƙa kanal, aka yanka ƙasa gida-gida a kan layi, sannan aka mayar wa masu ita. A cikin bajewar nan itatuwa suka tafi, ɗorawa da kanya da kuka, iyakokin gado suka tafi, gidajen da ke warwatse cikin gonaki aka tattara su. Tina Wallace, wadda ta yi bincike a Chiromawa ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a ƙarshen shekarun 1970, ta rubuta yadda ƙananan manoma suka sha wuya da sabon tsarin. Can sama kuma tafkin Tiga ya shanye ƙauyuka, aka tashi dubban mutane aka sake musu matsuguni. Bahaushe kuwa da wuri yake riƙe labari. In ka ga kukoki sun taru a fili ba gida kusa, ka san kufai ne, mutane sun taɓa zama. Wani manomi da na rage wa hanya ya so ya nuna mini inda gidan kakansa yake. Muka tsaya, ya duba gabas, ya duba yamma, fangali iri ɗaya har iyakar gani kamar tabarmar masallaci. Ya ce da akwai wata kuka mai rassa biyu, daga ita ake ƙirga taku. Ya yi shiru, sannan ya ce mu tafi kawai, wajen nan ne dai.

A Bunkure lokacin dashe ne, gari cike da baƙi. 'Yan ci-rani daga Jigawa da Katsina da ƙasar Damagaram suna kwana a zaurukan mutane da barandar shaguna, da asuba su fita jinga. Idan tumatir ya nuna kuma sai kasuwar Kwanar Gafan ta cika da dillalai da direbobi, ana ɗora kwanduna a manyan motoci zuwa Mile 12 a Legas. Abin da shuni ya yi a da, shi ruwa ke yi yanzu, kuma a cikin masu zuwa kullum akwai wanda ba zai koma ba.

Na ci tuwon dare a gidan ɗaya daga cikinsu. Daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram ya zo yana saurayi, da 'yar jakarsa da lauje. Ya yi ƙwadago, ya karɓi aron gona, ya sayi tasa, ya auri 'yar gari, ya binne mahaifiyarsa a maƙabartar garin da ta biyo shi ta tsufa a wurinsa. A da, wannan ya gama magana. Wanda ya zauna, ya yi aure, ya binne nasa a wuri, ya zama ɗan gari, jikokinsa kuma su riƙa ba da labarin inda aka fito don nishaɗi. Iyakar da ta raba Damagaram da Kano ma Ingila da Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20, fatake sun riga ta bin hanyar. Yanzu kuwa akwai takarda. Tun da tsarin mulkin 1979 ya kawo rabon muƙamai bisa jiha, wanda na 1999 ya ci gaba da shi, yaro ba ya shiga babbar makaranta ko aikin gwamnati cikin sauƙi sai da shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya sa, hakimi ya sa, sannan sakatariya ta buga hatimi. Takardar ba ta da gurbin da za a rubuta cewa kaka Babarbare ne, rini ya zaunar da shi. Gari ɗaya take so, kuma tana so a ce tun can nan ne.

A gaskiya Kano ta fi wurare da yawa sauƙin kai a wannan fanni. Wanda ke jin Hausa, yake salla, sunansa bai bambanta da na maƙwabta ba, da wuya a tsaya masa. Wanda abin ke kamawa shi ne ɗan mai gyaran injin ban ruwa da ubansa ya zo daga kudu, an haife shi a nan, Hausarsa ta fi tawa, amma sunansa na tona shi a bakin tebur. Shi za a ce ya koma garin da bai taɓa kwana ba ya karɓo takarda. Su kansu masu hatimin ba a zaune suke wuri ɗaya ba. A 2019 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ƙirƙiro sababbin masarautu, Kura da Bunkure duka suka faɗa ƙarƙashin Rano. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe dokar, bayan wata biyu aka dawo da Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da Rano da Kibiya da Bunkure a ƙarƙashinta, Kura ta koma Kano. Cikin shekara biyar mutumin Kura ya sauya masarauta sau biyu yana zaune a ƙofar gidansa.

Na tambayi mai masaukina, mutumin Damagaram ɗin nan, ko ya sha wahala da ɗansa ya zo neman takardar. Ya ce ko kaɗan. Da suka je gaban dagaci ya fara kame-kame, yana shirin kawo dogon bayani, dagacin ya ɗaga masa hannu.

"Malam, yaron nan ba ni na ci goron sunansa ba? Kawo in sa hannu."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na gode," suka fito. Abin da ke hana shi barci yanzu ba wannan ba ne. Gonarsa a ƙarshen kanal take, in kachalla ta toshe hanya ko na sama suka riƙe ruwa, shi ne na ƙarshen sha, kuma a taron masu amfani da ruwa faɗan da ake yi ke nan, na sama da na ƙasa, Bafillace da Babarbare a layi ɗaya in gonakinsu na jere. Yaron yana jami'ar Wudil yana karanta aikin gona, in an tambaye shi garinsu Bunkure yake cewa. Uban kuwa har yau Badamagare ake kiransa a majalisa, kuma yana amsawa.